Hitar Mota Mai Busa Iska Mai Sanyi: Ina Zafin Yake Maƙalewa?

A tsakanin watan Disamba da Janairu, lokacin da iskar hunturu ke kaɗowa daga Sahara, direban da ya yi sammako daga Jos ko Zariya ko Damagaram yakan tuna da wani maɓalli da ya shekara bai taɓa ba. Sai ya murɗa shi zuwa ɓangaren ja, ya kunna fanka, ya zauna jiran ɗumi. A motoci da yawa abin da ke fitowa iska ce mai sanyi kamar ta waje. Galibin direbobi sukan kashe fankar su ƙara rigar sanyi, a ganinsu hita kayan ƙasashen ƙanƙara ce, lalacewarta ba wata asara ba ce a ƙasar da rana ke duka kusan duk shekara. Wannan ra'ayi yana da haɗari, domin sau da yawa hitar da ta daina ɗumi ita ce alama ta farko da ke nuna cewa ruwan inji ba ya zagayawa yadda ya kamata.

Daga ina zafin yake fitowa?

A galibin motocin fetur da dizal babu wata na'ura ta musamman da ke haifar da zafi domin fasinja. Aro hita take yi daga inji. Inji yana ƙona mai a cikin silinda, amma abin da ke komawa ƙarfin juya taya bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na makamashin da ke cikin man ba. Sauran duk zafi ne. Kimanin sulusi yana fita ta salansa tare da hayaƙi, wani sulusin kuma yana shiga jikin ƙarfen inji. In ba a kwashe wannan zafi ba, ƙarfe zai kumbura, fistin ya cije, inji ya mutu cikin 'yan mintoci. Ruwa ne ke kwashe shi.

Mai nazarin halittu ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin jikin ɗan Adam ma haka yake aiki. Tsoka tana mayar da kashi 20 zuwa 25 cikin 100 kawai na makamashin abinci zuwa motsi, ragowar ya zama zafi. Ko mutum yana zaune bai yin komai, jikinsa yana fitar da zafi kimanin wat 80 zuwa 100, kwatankwacin tsohon ƙwan lantarki mai zare. Ana samar da wannan zafi ne a can ciki, a hanta da ƙwaƙwalwa da zuciya da tsoka, sannan jini ya ɗauko shi ya kai fata da hannuwa da ƙafafu. Tun shekarar 1628 likitan Ingila William Harvey ya bayyana cewa jini zagaye yake yi, zuciya kuma famfo ce. Yatsun hannu ba su da abin da za su ɗumama kansu da shi sosai. Idan suka yi sanyi, abin da likita zai fara tambaya shi ne ko jini yana isa gare su. Hitar mota tamkar tafin hannu ce: tana can gefe, nesa da inda ake ƙona mai, tana jiran abin da zagayen ruwa zai kawo mata.

Ruwa gwani ne wajen ɗaukar zafi. Ana buƙatar jul 4,200 kafin a ɗaga zafin kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya a ma'aunin Salsiyas, alhali kilo ɗaya na iska jul 1,000 ya ishe shi. Bugu da ƙari, ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800. Idan aka haɗa lissafin, lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara iska fiye da lita 3,000 kafin ta ɗauka. Shi ya sa abin da girmansa bai wuce littafi mai kauri ba yake iya ɗumama cikin mota gaba ɗaya.

Ga yadda hanyar take. Famfon ruwa, wanda a yawancin motoci bel ne ke juya shi, yana tura ruwa ta ramukan da aka yi a cikin jikin inji. Daga nan babban tiyo ya kai shi lagireto da ke gaba, iska ta sanyaya shi, ya dawo. Amma akwai wani ƙaramin reshe: tiyo biyu sirara da suka ratsa bangon ƙarfen da ya raba inji da ɗakin fasinja. Ɗaya yana kai ruwan zafi ga wani ƙaramin lagireto da aka ɓoye a bayan dasbod, ɗayan yana dawo da shi. Fanka tana tura iska ta cikin wannan ƙaramin lagireto, sai iskar ta kwashi zafi ta fito. Akwai kuma wani ƙyaure na roba da ke buɗewa ko rufewa gwargwadon yadda direba ya murɗa maɓalli, shi ke yanke hukuncin ko iska za ta bi ta kan zafin ko ta kewaye shi. Ke nan kafin a sami ɗumi sai ruwa ya wadata, ya yi zafi, ya ratsa ƙaramin lagireto, sannan iska ta bi ta kansa. Gyaran hita bai wuce bin wannan hanya a gano inda zafin ya tsaya ba.

A fara da ruwa, amma da inji mai sanyi

Kafin a taɓa komai akwai gargaɗi guda. Marfin lagireto yana riƙe ruwa a ƙarƙashin matsi, kimanin ninki biyu na matsin iskar da ke kewaye da mutum. A irin wannan matsi ruwa ba ya tafasa sai ya kai wajen digiri 120. A buɗaɗɗiyar tukunya kuwa yana tafasa a digiri 100 a bakin teku, a Jos da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 kuma tun a wajen digiri 96. Wanda ya buɗe marfi inji yana da zafi ya cire matsin nan take, sai ruwan da ya riga ya wuce ma'aunin tafasa ya rikiɗe tururi ya yi tsartuwa zuwa fuska da hannu. A bar inji ya huce sarai, mafi kyau a duba da safe kafin a tayar da shi.

Ƙarancin ruwa shi ne sanadin da aka fi samu, shi ne kuma mafi haɗari. Ƙaramin lagireto yana kan reshe ne, a motoci da dama kuma yana sama-sama, don haka da zarar ruwa ya ragu shi ne farkon wanda zai rasa rabonsa. Jiki ma yana yin haka: wanda ya zubar da jini da yawa, hannuwansa da ƙafafunsa ne ke fara sanyi tun kafin ya faɗi. Alamar wannan matsala a mota ita ce hita tana ɗumi idan an taka totur, ta koma sanyi idan mota ta tsaya a cunkoso, wani lokaci har a ji ƙarar ruwa yana ƙulu-ƙulu a bayan dasbod. Kada a dogara ga allurar ma'aunin zafi kaɗai a irin wannan hali. Na'urar da ke aika mata saƙo an yi ta ne don ta nutse cikin ruwa. Idan ruwa ya janye ya bar ta cikin tururi, tana iya nuna ƙasa da gaskiya alhali inji yana ƙonewa. Hitar da take ɗumi sai kwatsam ta koma sanyi ana cikin tafiya dalili ne na tsayawa a gefen titi.

Ƙara ruwa bai kammala aiki ba, domin ruwan da ke cikin rufaffiyar hanya ba ya ɓacewa haka nan. Sai a nemi inda yake zurarewa: bakin tiyo, gefen lagireto, ƙarƙashin famfo, ko marfin da sifirin ɗinsa ya gaji. Idan ƙaramin lagireton ne da kansa ke yoyo, za a ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi a cikin mota, kafet ɗin ƙasan dasbod ya jiƙe, gilashin gaba kuma ya riƙa yin wani hazo mai maiƙo wanda tsumma ba ya gogewa da kyau. Mafi muni shi ne a rasa yoyo a waje amma ruwa yana ta raguwa. Nan sai a zargi gasket ɗin saman silinda, musamman in salansa tana fitar da farin hayaƙi mai kauri, ko ana ganin kumfa tana tasowa a tankin ruwa, ko baƙin mai ya koma launin shayi mai madara. Wannan aikin gareji ne, kuma ba ya jira.

Bayan an ƙara ruwa ko an canja shi, iska takan maƙale a wuri mafi tsayi, ta tare hanya. Ana fitar da ita ta hanyar ajiye mota gabanta na kallon tudu, a murɗa hita zuwa ƙarshen ja, a tayar da inji mai sanyi marfi a buɗe, a riƙa cikawa a hankali har kumfa ta daina fitowa. Wasu injuna suna da ɗan noti na musamman domin wannan aiki.

Tamostat da al'adar cire shi

A bakin babban tiyon da ke zuwa lagireto akwai wani ɗan bawul da bai cika tafin hannu ba, ana kiransa tamostat. A cikinsa akwai dunƙulen kaki irin na kyandir. Idan inji yana da sanyi, kakin a daskare yake, bawul a rufe, ruwa yana zagaye a cikin inji da hita kawai ba ya zuwa lagireto, sai ya yi saurin ɗaukar zafi. Idan ya kai ma'aunin da aka tsara, wanda a yawancin motoci yake tsakanin digiri 82 da 92, sai kakin ya narke ya kumbura, ya tura bawul ya buɗe. In ruwan ya huce, sifirin ya mayar da shi. Akan buga wannan ma'auni a jikin tamostat ɗin.

Aikinsa ya yi kama da na wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamas, wanda ke riƙe zafin jikin mutum a wajen digiri 37. Idan ana ɗari, yakan sa jijiyoyin jinin fata su tsuke don kada zafi ya tsere. Idan ana zafi, ya buɗe su, gumi ya biyo baya. Ƙadangare ba shi da irin wannan tanadi, shi ya sa ake ganinsa da hantsi a kan katanga yana shan rana kafin ya iya gudu, zafin jikinsa yana bin yanayi sama da ƙasa. Injin da aka cire wa tamostat ya koma ƙadangare.

Cire tamostat kuwa ya zama ruwan dare a garejojin Nijeriya da Nijar. Da zarar mota ta iso daga Turai, ko ta fara zafi, sai makaniki ya zare shi ya jefar, hujjarsa ita ce an yi shi ne don ƙasar sanyi. Hujjar ba ta da ƙarfi. Ko a Sakkwato a tsakiyar watan Afrilu zafin iska bai kai rabin digiri 90 da inji ke buƙata ba sai da ƙyar. Lafiyayyen tamostat idan ya buɗe gaba ɗaya ba ya hana ruwa wucewa, don haka motar da ke zafi da shi a jiki tana da wata cuta dabam, ko toshewar lagireto, ko fankar da ba ta tashi, ko famfon da ya gaji. Cire shi ɓoye cutar ne kawai. Injin da ke aiki a ƙasa da zafinsa yana shan mai fiye da kima, domin kwamfutar motar tana ɗauka har yanzu bai ɗumama ba sai ta riƙa ƙara masa fetur. Man da bai ƙone ba yana wanke maiƙon jikin silinda, danshi yana taruwa cikin baƙin mai, inji ya tsufa da wuri. A wasu injuna ma tamostat yana da faifai na biyu da ke rufe gajeriyar hanyar ciki idan ya buɗe. In babu shi, wani ɓangaren ruwan sai ya riƙa kewayawa ba tare da ya je lagireto ba, motar ta ƙara zafi maimakon ta ragu.

Gane tamostat da ya maƙale a buɗe, ko wanda babu shi, ba shi da wuya. Allura ba ta hawa tsakiya, ko ta hau a cikin gari ta sauko a kan babban titi inda iska ke dukan lagireto da ƙarfi. Hita tana ba da ɗumi kaɗan-kaɗan. Idan aka tayar da inji mai sanyi aka riƙe babban tiyon sama, a lafiyayyar mota zai zauna da sanyi na wasu mintoci sannan ya yi zafi kusan lokaci guda. In tun farko ya fara ɗumi a hankali, ruwa yana wucewa ba mai tsaro. Motocin da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 suna da tsarin binciken kai na bai-ɗaya, kuma da yawansu sukan nuna lamba P0128 idan aka jona musu na'urar bincike. Wanda ya ciro tamostat zai iya gwada shi a tukunya: a sanyi ya kasance a rufe, ya buɗe kafin ruwa ya tafasa, ya sake rufewa idan an tsamo shi. Kuɗinsa kaɗan ne idan aka kwatanta da fetur ɗin da rashinsa ke ci.

Abin da tiyo biyu za su faɗa

Idan ruwa ya cika, allura kuma tana tsakiya, amma har yanzu iska sanyi, sai a koma ga tiyo biyun nan da suka shiga bangon ƙarfe. Da farko a tabbatar suna nan. A motoci da dama da suka daɗe a hannu za a tarar wani makaniki ya taɓa cire su ya haɗa bakinsu da juna, ko ya toshe su da noti, saboda ƙaramin lagireton ya taɓa yoyo kuma mai motar bai so a kwance dasbod ba. Irin wannan mota ba za ta taɓa ɗumi ba sai an sa sabo an mayar da haɗin.

In suna nan, a bar inji ya yi zafinsa, a murɗa hita zuwa ja, a taɓa su da hattara, ana kiyaye hannu da hannun riga daga fanka da bel. Idan dukansu biyu ba su da zafin kirki, ruwa ba ya isowa. A sake zargin iskar da ta maƙale, ko famfon da fukafukansa suka cinye da tsatsa ko suka karye. Idan ɗaya yana da zafi ƙwarai ɗayan kuma sanyi ko ɗumi-ɗumi, ruwa yana zuwa amma ba ya ratsawa. A wasu motoci, musamman tsofaffi, akwai bawul a kan tiyon shiga, yana iya cijewa a rufe. In ba shi ba ne, to ƙaramin lagireton ya toshe.

Toshewar nan tana da alaƙa da irin ruwan da ake zubawa. Bututun cikin ƙaramin lagireto sirara ne ƙwarai, sun fi na babban ƙanƙanta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da gishirin kalsiyam, wanda zafi ke sa ya kwanta a jikin ƙarfe, irin farin ɓawon da ake gani a cikin tsohuwar butar shayi. Tsurar ruwa kuma yana sa tsatsa. Sannan ga garin liƙe yoyo da ake sayarwa a shagunan kayan gyara, wanda ba ya bambanta ramin yoyo da siririn bututu. Duk waɗannan suna taruwa kamar yadda kitse ke taruwa a jijiya har jini ya kasa wucewa. Magani na farko shi ne a cire tiyo biyun inji yana da sanyi, a tura ruwa mai tsabta ta bakin fita domin ya koro dattin ta bakin shiga, a yi ta juyawa har ruwa ya fito garau. Ƙarfin famfon gida ya isa. Injin wankin mota mai matsi yana iya fasa bututun. In wanki bai yi ba sai canji, kuma a motoci da yawa wahalar aikin ta fi kuɗin kayan, domin sai an kwance dasbod.

Idan kuwa tiyo biyun duk suna da zafi, to ruwa ya sauke nauyinsa, laifin yana wajen ƙyauren iska. A tsofaffin motoci waya ce ta ƙarfe ke jan sa, takan zame ko ta tsinke, alamar ita ce maɓalli ya riƙa juyawa sakwaf. A na zamani ƙaramar mota ce ta lantarki mai haƙoran roba; idan haƙoran suka cinye akan ji ƙas-ƙas a bayan dasbod. Motar da ke da maɓallin direba dabam da na fasinja tana iya ɗumama gefe ɗaya ta bar ɗayan. Fankar da ba ta busawa sam kuwa maganar fiyus ce ko waya ko motar fankar, ba ta da alaƙa da ruwa.

Ruwa mai launi, da wasu motoci na dabam

Bayan kowane gyara ya kamata a cika da ruwan sanyaya inji na gaskiya, irin wanda kamfanin motar ya ambata. Galibinsa haɗi ne na ruwa da wani sinadari mai suna etilin gilaikol. Idan aka haɗa su rabi da rabi ba ya daskarewa sai a wajen digiri 37 ƙasa da sifiri, abin da bai dami mazaunin Kano ba. Amfaninsa a nan shi ne magungunan hana tsatsa da ke cikinsa, da kuma ɗan ƙarin da yake yi wa ma'aunin tafasa. Sai dai guba ne, kuma yana da zaƙi, abin da ke jan yara da karnuka da kyanwoyi. Hanta tana sarrafa shi ya koma asid iri-iri, cikinsu har da ogzalik, wanda ke haɗuwa da kalsiyam ya zama ƙananan duwatsu masu lalata ƙoda. Kada a bar shi a buɗaɗɗen kwano, kada a zuba shi cikin robar lemo, kada kuma a malalar da shi inda dabbobi ke sha. Wanda ya sha a garzaya da shi asibiti ko da bai nuna alamar ciwo ba, domin illar takan ɗauki sa'o'i kafin ta bayyana.

Duk bayanin da ya gabata ya shafi injin da ruwa ke sanyayawa ne, irin na Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975 da kusan duk motocin fetur na yau. Volkswagen Beetle, wadda aka fara haɗawa a Legas a wannan shekarar, iska ce ke sanyaya injinta, hitarta kuma tana ɗibar zafi ne daga jikin bututun hayaƙi. Idan bututun ya hude, iskar kabon monoksaid tana iya shiga ɗakin fasinja. Ba ta da launi ba ta da wari, kuma tana kama himogulobin na jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau 200 da ɗoriya. Masu riƙe da irin wannan tsohuwar mota su kula da ciwon kai ko jiri idan hita tana kunne. Motar lantarki kuma ba ta da rarar zafi mai yawa, don haka tana ɗumama iska ne da wutar batir, ko ta na'urar da ke janyo zafi daga waje kamar firjin da aka juya. Gyaranta na masanin lantarki ne, saboda ƙarfin wutar da ke ciki yana kisa.

Lafiyayyar hita tana da amfani ko a bayan hunturu. Da damina, idan gilashin gaba ya yi raɓa daga ciki saboda numfashin fasinjoji, iska mai ɗumi ce ke busar da shi direba ya ga hanya. Haka nan idan allura ta fara hawa ja a kan tudu ko a cunkoso, kashe na'urar sanyaya ɗaki, da murɗa hita zuwa ƙarshe, da sakin fanka gaba ɗaya tagogi a buɗe, yana mayar da ƙaramin lagireton mataimakin babba, ya rage wa inji zafi har a sami wurin tsayawa. In an yi haka iskar ta fito da sanyi alhali allura tana ja, ruwa ya ƙare ke nan, sai a kashe inji nan take.